Za a Iya Cin Abinci da Tseren Keke? Darasi Daga Biniam Girmay da Ese Ukpeseraye

Idan ka tsaya a bakin get ɗin Poli na Tudun Wada ka ɗaga hannu ka ce "keke!", mai ƙafa uku ne zai tsaya maka, wato Napep. Keke na ainihi, mai ƙafa biyu da feda, mun daɗe da bar wa yara da dattawan unguwa da masu kai kaya kasuwa. Sai bayan 29 ga Mayu 2023, da aka cire tallafin man fetur kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, wasunmu suka kakkaɓe ƙurar tsohon keken gida suka fara zuwa lakca a kai. Duk da haka, har yau akwai masu kallon mai keke a matsayin wanda ya rasa kuɗin babur.

Alhali kuwa a duniyar nan akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai taka feda. Da ita suke aure, da ita suke gina gida, wasu ma albashinsu na shekara ya kai biliyoyin Naira. Tambayar da ta dace da mu ita ce: idan akwai mai wannan baiwar a cikinmu ko a cikin ƙannenmu, ta wace hanya zai bi, kuma nawa zai samu? Labarin mutum biyu zai taimaka mana wajen amsa, ɗaya ɗan Eritriya, ɗaya 'yar Najeriya.

Daga Asmara zuwa koriyar riga

An haifi Biniam Girmay ranar 2 ga Afrilu 2000 a Asmara, babban birnin Eritriya. Ka ga sa'an wasu 'yan HND ɗinmu ne. Mahaifinsa kafinta ne mai son kallon tseren keke. Eritriya ƙaramar ƙasa ce, yawan mutanenta bai kai na Jihar Kaduna ba, amma keke a can kamar ƙwallon ƙafa yake a nan. Italiyawa ne suka kai wasan lokacin mulkin mallaka, kuma tun 1946 aka fara gasar zagaye ƙasar. Yaro a Asmara yana tashi ya tarar da kulob-kulob da masu horarwa da tsere a titunan gari, ga 'yan kallo cike da gefen hanya.

A 2018 Biniam ya je gasar Afirka a Kigali ta ƙasar Ruwanda, ya kwashe zinare uku a rukunin matasa. A shekarar ce Hukumar Tseren Keke ta Duniya, UCI, ta ɗauke shi zuwa cibiyar horaswarta da ke garin Aigle a Suwizalan. Can ya fara karawa da yaran Turai, har ya doke Remco Evenepoel na Beljiyam a wani zangon tsere, a shekarar da kusan babu mai iya kama Evenepoel a cikin matasa. A farkon 2019 ya ci zango a gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon. A 2020 wata ƙungiyar Faransa mai suna Delko ta ɗauke shi aiki, a 2021 ya koma Intermarché ta Beljiyam, kuma a watan Satumba na shekarar ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Ranar 27 ga Maris 2022 ya ci Gent-Wevelgem, tseren yini ɗaya mai tsawon kusan kilomita 249, wato ya fi daga Kaduna zuwa Kano. A watan Mayu ya ci zango na goma a gasar Giro ta Italiya. Abin dariya abin tausayi, a kan dandalin karɓar kyauta murfin kwalbar murna ya fallo ya buge shi a ido, washegari dole ya fita daga gasar. A 2024 kuma, a Tour de France, uwar gasannin keke, ya ci zango uku, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya taɓa cin zango a gasar. Ranar 21 ga Yuli, a birnin Nice, ya kammala sanye da koriyar riga ta wanda ya fi kowa tara maki.

Lura da tsarin tafiyar: kulob na unguwa, gasar ƙasa, gasar Afirka, cibiyar horaswa, ƙaramar ƙungiya, babbar ƙungiya. Tsani ne, kuma bai tsallake mataki ko ɗaya ba.

Yadda wasan yake

Wanda bai saba kallo ba zai ɗauka kowa ta kansa yake yi. Ba haka ba ne. Tseren keke na titi wasan ƙungiya ne, ya fi kama da ayarin fatake. A Tour de France kowace ƙungiya tana zuwa da mutum takwas, a yi zango 21 cikin mako uku, jimilla kusan kilomita 3,500. Matsakaicin zango kamar ka je Zariya daga Kaduna ne ka dawo, gobe ma haka, jibi ma haka, wani lokaci a kan duwatsun da mota kanta sai ta yi nishi. A 2024 Tadej Pogačar na Sulobeniya ya gama duka cikin awa 83 da 'yan mintuna, wato gudun da ya haura kilomita 41 a awa.

Babban abokin gaban mai keke iska ce. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, a tsakiyar ayari ma fiye da haka. Shi ya sa kowace ƙungiya take da madugu, sauran kuma yaransa ne. Su suke tare masa iska, su suke komawa motar ƙungiya su ɗauko masa ruwa da abinci, idan tayarsa ta yi faci ma wani zai sauka ya ba shi nasa keken. Faransawa suna kiran irin waɗannan "domestik", ma'ana yaron gida. Mutum zai iya shekara goma yana wannan aikin bai ci tsere ko ɗaya ba, kuma yana karɓar albashinsa.

Su ma madugan iri-iri ne. Akwai mahaya dutse, sirara marasa nauyi. Akwai gwanayen tseren agogo, inda kowa yake tafiya shi kaɗai. Akwai kuma masu gudun ƙarshe irin Biniam, waɗanda suke ɓoyewa cikin ayari awa biyar, sai a mita 200 na ƙarshe su fito da gudun da yakan kai kilomita 65 zuwa 70 a awa.

Mece ce baiwa a nan?

A unguwa, idan aka ce wane ya iya keke, ana nufin yana sakin hannu, yana ɗaga tayar gaba, ko ya taɓa zuwa Zariya ya dawo. Masu neman 'yan wasa ba wannan suke dubawa ba. Abin da suke aunawa, 'yan injiniya za su gane shi nan take, domin lissafin inji ne.

Na farko, ƙarfin da ƙafa take fitarwa, wanda ake aunawa da wat, irin na ƙwan lantarki. Ana maƙala na'ura a jikin feda tana ƙirgawa, sai a raba da nauyin mutum. Manyan mahaya dutse suna riƙe kusan wat 6 a kowane kilo na jikinsu har tsawon rabin awa ko fiye. Mai kilo 65 ke nan yana fitar da kusan wat 400 ba tsayawa. Masu gudun ƙarshe kuwa sukan kai wat 1,500 na 'yan daƙiƙu.

Na biyu, yawan iskar da jiki yake iya zuƙa ya yi amfani da ita. Wani ɓangare gado ne, wani horo ne, wani kuma wurin zama ne. Asmara tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 2,300 daga teku, inda iska ba ta da kauri, don haka jinin mutanen can ya saba aiki da ƙaramin rabo. Kaduna kusan mita 600 take, Jos kuma kusan 1,200. Ƙungiyoyin Turai kuɗi suke kashewa su kai 'yan wasansu atisaye kan duwatsu don samun abin da Biniam ya tashi a ciki kyauta.

Na uku, farfaɗowa. Kowa zai iya kashe kansa yini ɗaya. Gwani shi ne wanda zai kwana ya tashi ya maimaita, har mako uku.

Na huɗu kuwa babu na'urar da take auna shi: iya zama cikin mutum 170 kafaɗa da kafaɗa a guje ba tare da tsoro ba, da sanin lokacin da za a kai hari da lokacin da za a yi haƙuri. Wannan ba a koyon sa sai a cikin tsere, tseren ma mai yawa, tun ana yara. Nan ne matsalarmu take. Ƙarfi da juriya akwai su a Arewa. Duba mai kawo itace ko buhunan masara daga ƙauye a kan tsohon Raleigh, irin wanda aka taɓa haɗawa a masana'antar Kano. Duba samarin da suke hawa keke daga wani gari zuwa Abuja don gaishe da wani ɗan siyasa ko mawaƙi. Amma doguwar tafiya daban, tsere daban.

Matakan tsani

Ƙungiyoyin maza hawa uku ne. A sama akwai rukunin WorldTour, ƙungiya 18, kowace ba ta wuce mutum 30. Yi lissafi: gurbi 540 ne kacal ga duniya gaba ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai rukunin ProTeam, sai kuma ƙananan ƙungiyoyin nahiya, waɗanda da yawansu rabi sana'a ne rabi sha'awa.

Don ɗan Afirka ya hau, sai an gan shi, kuma ba a ganin mutum sai a gasar da UCI ta amince da ita. A nahiyarmu fitattu su ne Tour du Rwanda, da Tour du Faso ta Burkina Faso da aka fara a 1987, da gasar zakarun Afirka ta shekara-shekara. A watan Satumba 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka, kuma Pogačar ne ya ci ta manyan maza. Wannan ya nuna cewa idon duniya ya fara juyowa. Amma ko an ga yaro an so shi, akwai katangar biza. Bizar ziyara ta Turai kwana 90 take bayarwa cikin kowane 180, kakar wasa kuwa tana ɗaukar wajen wata tara.

Sannan ga maganar shekaru, wadda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Manyan ƙungiyoyi yanzu 'yan shekara 17 da 18 suke farauta. Wanda ya kai 23 bai taɓa shiga tseren hukuma ba, ƙofar WorldTour ta yi masa ƙunci ƙwarai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, nawa ake samu?

Ga inda kowa yake jira. Don sauƙin lissafi, mu ɗauki Yuro ɗaya a kan Naira 1,700, kamar yadda canji ya riƙa kaiwa a 2025.

Mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya ɗan wasan WorldTour a 2025 shi ne Yuro 44,150 a shekara, kusan Naira miliyan 75, wato sama da miliyan shida a wata. Sabon shiga yana karɓar ƙasa da haka. A rukunin ProTeam kusan Yuro 35,000 ne. A WorldTour na mata Yuro 38,000 ne. Idan ka kwatanta da alawus ɗin bautar ƙasa na Naira 77,000, sai ka ji kamar ka ajiye handawut ka sayi keke yau ɗin nan. Dakata tukuna. Daga cikin kuɗin nan za a cire haraji irin na Turai, da kason dillalin da ya nemo maka kwantiragi, da hayar ɗaki a Sifen ko Italiya ko Faransa, da tikitin zuwa gida. A can, wannan albashin matsakaicin ma'aikaci ne.

A can ƙololuwa kuma labarin daban ne. Ƙungiyoyi ba sa wallafa albashi, amma jaridun Turai sun ruwaito cewa Pogačar yana karɓar kusan Yuro miliyan 8 a shekara daga ƙungiyar UAE, wato sama da Naira biliyan 13. Masu karɓar miliyoyin Yuro 'yan tsiraru ne, irin madugan da suke cin manyan gasanni. A ƙasan tsani kuwa, a ƙungiyoyin nahiya, UCI ba ta tilasta wani mafi ƙarancin albashi ba. Da yawa keke da riga da kuɗin tafiya kawai ake ba su.

Kyautar gasa fa? Wanda ya ci Tour de France gaba ɗaya yana samun Yuro 500,000, kusan Naira miliyan 850. Cin zango ɗaya Yuro 11,000 ne, koriyar riga kuma 25,000. Mu yi wa Biniam lissafin 2024: zango uku 33,000, riga 25,000, ya kama 58,000, ban da 'yan canjin da ake samu a hanya. Kusan Naira miliyan 99 ke nan. Sai dai al'adar wasan ita ce a zuba kyautar a asusu ɗaya a raba wa 'yan wasa takwas da makanikai da sauran ma'aikata, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ribar da Biniam ya ci ta gaske ba kyautar ba ce, darajarsa ce da ta tashi a teburin kwantiragi. A gasar mata ta Tour kuwa, wadda ta zo ta ɗaya Yuro 50,000 take samu, kashi ɗaya cikin goma na maza.

Duk kyautar Tour de France idan aka haɗa kusan Yuro miliyan 2.3 ce, ba ta kai abin da ake cewa Cristiano Ronaldo yana samu a mako guda a Saudiyya ba. Dalili kuwa a fili yake. Babu filin wasa, babu kuɗin shiga, kowa a gefen titi yake kallo kyauta. Kuɗin talabijin kuma masu shirya gasa ne suke kwashewa. Ƙungiyoyi sun dogara ne kacokan ga kamfanonin da suke sa sunansu a riga. Ranar da kamfani ya janye, ƙungiya ta mutu. Delko, wadda ta fara ɗaukar Biniam, ta rushe a 2021 saboda rashin kuɗi. Qhubeka ta Afirka ta Kudu, wadda ta buɗe wa 'yan Afirka da dama hanya, ita ma ta fita daga WorldTour a ƙarshen wannan shekarar.

Abin da kyamara ba ta cika nunawa ba

Ƙwararren ɗan tsere yana taka kilomita 25,000 zuwa 30,000 a shekara, atisayen awa 20 zuwa 30 a mako. Ana auna masa abinci da sikeli. Yawancin kwantiragi na shekara ɗaya ne ko biyu, kuma yawancin 'yan wasa sun yi ritaya kafin su kai 36. Karayar ƙashin wuya a wurinsu kamar targaɗe ce a wurin ɗan ƙwallo. Wani lokaci abin yakan wuce haka: a watan Yuni 2023 Gino Mäder, ɗan shekara 26, ya rasu bayan ya faɗi a gangaren dutse a gasar Suwizalan.

Akwai kuma jarrabawar ƙwaya. A 2012 aka ƙwace wa Lance Armstrong na Amurka kambun Tour bakwai saboda amfani da haramtattun magunguna. Wanda ya fi kusa da mu shi ne tiramol, wanda muka san ɓarnar da yake yi a unguwanninmu. UCI ta hana shi a tsere tun 2019, kuma a 2022 aka soke wa Nairo Quintana na Kolombiya matsayi na shida da ya samu a Tour saboda an same shi a jininsa. Duk wanda ya ce maka ƙwaya tana ƙara juriya, hanyar kore ka daga wasan yake nuna maka.

Ese da keken aro

Yanzu mu dawo gida. Ese Ukpeseraye 'yar Jihar Delta ce, an haife ta a 1999. Ta yi fice a Gasar Wasanni ta Ƙasa da aka yi a Asaba a 2022, inda ta kwashi zinare da dama. A watan Fabrairu 2023, a Accra ta ƙasar Gana, ta zama zakarar Afirka a tseren titi na mata. Ta samu shiga Canyon//SRAM Generation, ƙungiyar da aka kafa musamman don ɗauko mata daga ƙasashen da wasan bai bunƙasa ba. A 2024 ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta yi tseren keke a gasar Olamfik.

A Faris ta shiga tseren titi mai kilomita 158, ba ta kai ƙarshe ba. Sai kuma aka ba Najeriya gurbi a tseren cikin fili, wanda kekensa daban ne, ba shi da birki, giyarsa ɗaya. Ese ba ta da irin wannan keken a hannu. Tawagar Jamus ce ta ara mata, ta fito ta yi musu godiya a shafinta, labari ya zagaye duniya. Ma'aikatar wasanni ta yi bayanin cewa gurbin a ƙurarren lokaci ya zo, kuma keken da aka amince da shi yakan ɗauki watanni kafin a kawo. Ko ma dai mene ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka haɗa labarin biyu ka gani. Dukansu zakarun Afirka ne, baiwa ba a magana. Biniam ya fito daga ƙasar da kowane mataki na tsani yake nan. Ese ta hau nata tsanin da matakai da yawa a ɓalle. Ba wai ba mu da komai ba: akwai Hukumar Tseren Keke ta Najeriya, akwai filin tseren keke a filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, akwai kuma Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsere na yau da kullum, da kulob na yara, da kayan aiki. Keken da ake hawa a Tour, wanda doka ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 6.8, yakan kai Yuro 10,000 zuwa 15,000, wato Naira miliyan 17 zuwa 25. A nan gida, abin da ɗan tsere yake samu yawanci alawus ɗin sansani ne da tukuicin lambar yabo daga gwamnatin jiha, wanda ba kullum yake zuwa ba. Ba albashi ba ne da za a dogara da shi.

Mu 'yan Poli, ina muka dosa?

Idan kana jin kana da ƙafa, auna kanka kafin ka yi mafarki. Ba sai da keken miliyoyi ba, na gwanjo mai giya ya isa farawa. Sa manhajar Strava a waya, ka fito bayan sallar asuba ranar Lahadi lokacin da titi ba cunkoso, wajen Isa Kaita ko Rabah ko Ali Akilu, ka ga kilomita nawa za ka yi a awa ɗaya kai kaɗai. Wanda ya riƙe 30 ya fara abin kirki. Don ka san nisan tafiyar, bajintar duniya ta awa ɗaya ita ce kilomita 56.792, wadda Filippo Ganna na Italiya ya kafa a 2022 a cikin fili. Sa hular kwano, ka riƙe ruwa, kada ka fita bayan gari kai kaɗai, kada kuma ka yi takara da tirela a hanyar Zariya. Idan lambobinka suna hawa wata bayan wata, je ofishin wasanni na makaranta da ma'aikatar wasanni ta jiha ka tambayi yadda ake shiga tawagar jiha. Ta nan ake zuwa gasar ƙasa.

Amma kada ka ajiye difloma. Anna Kiesenhofer ta Ostiriya, wadda ta ci zinaren tseren titi na mata a Olamfik ɗin Tokyo a 2021, dakta ce a fannin lissafi, tana aikin bincike a jami'a, ba ta cikin wata babbar ƙungiya a lokacin. Jonas Vingegaard na Denmak, zakaran Tour na 2022 da 2023, ya yi aiki a masana'antar kifi yana atisaye bayan tashi daga aiki. Jay Vine na Ostireliya kuwa ta gasar intanet ta Zwift ya samu kwantiragi a 2020, yana taka keke a cikin ɗaki kwamfuta tana auna ƙarfinsa. Hanyoyin suna ƙaruwa, amma babu ɗaya da ta ce sai ka bar karatu.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi shafar mafi yawanmu: a kowace babbar ƙungiya, ma'aikata sun fi 'yan wasa yawa. Akwai makanikai, masu tsara abinci, masu nazarin alƙaluma, masu tausa, direbobi, masu ɗaukar hoto da 'yan jarida. Waɗannan duk kwasa-kwasan da muke karantawa ne. Ga Panteka a maƙwabtanmu, inda ake ƙera abubuwan da suka fi keke wuyar sha'ani. Ɗan injiniya da ya ƙware a gyaran keken zamani, ko mai karanta tsara birane da ya san yadda ake ware wa masu keke layinsu a titi, ba zai rasa abin yi ba a garin da litar mai ta gagari talaka.

Ƙungiyar ɗalibai ma tana da rawar takawa. Kulob ɗin keke na makaranta ba ya buƙatar gini, mutum goma da kekuna goma sun isa. Tseren agogo na kilomita goma sau ɗaya a wata, da izinin hukuma da rakiyar jami'an hanya, tare da gayyatar 'yan sakandare na Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Kawo, shi ne irin matakin farko da Biniam ya tarar a Asmara. Mai yiwuwa zakaran ba ya cikin masu karanta wannan mujallar. Yana iya zama ƙanenka ɗan shekara 13, wanda kake aika sayen kati a kan kekenka ya dawo kafin ka gama ɗaura agogo. Wata rana ka ɗauki waya ka auna masa lokaci.